Motsa jiki da ginin ƙashin 'yan mata: Abin da wasan jimnastik ya nuna wa masana

Masana kiwon lafiya sun ce kusan dukkan ƙarfin ƙashin da mace za ta rayu da shi har zuwa tsufanta, takan tara shi ne kafin ta cika shekara 20 da haihuwa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu nasa kuwa yakan taru ne a cikin shekaru biyu kacal, daidai lokacin da take shirin fara jinin al'ada.

Gado shi ne ya fi tasiri a wannan al'amari, domin an ƙiyasta cewa kashi 60 zuwa 80 cikin 100 na bambancin ƙarfin ƙashi tsakanin mutane daga iyaye ake samo shi. To amma abin da ya rage ya danganta ne ga abincin da yarinya take ci, da kuma irin motsin da jikinta yake samu.

Batun yana da muhimmanci saboda abin da kan biyo baya. Gidauniyar yaƙi da cutar zaizayewar ƙashi ta duniya ta ƙiyasta cewa mace ɗaya cikin uku da suka haura shekara 50 za ta gamu da karaya sakamakon raunin ƙashi, galibi a ƙugu ko gadon baya ko wuyan hannu.

Wani ɓangare mai yawa na abin da aka sani game da wannan batu an samo shi ne daga nazarin 'yan mata masu wasan jimnastik, wato wasan alkafura da tsalle-tsalle da lanƙwasa jiki da ake gani a gasar Olimfik.

Ƙashi abu ne mai rai

Mutane da dama na kallon ƙashi tamkar busasshen itace da aka ɗora tsoka a kansa. Alhali kuwa yana da jijiyoyin jini da ƙwayoyin halitta da ke aiki dare da rana. Wasu daga cikinsu na rushe tsohon ƙashi, wasu na gina sabo a gurbinsa, wasu kuma suna binne ne a can cikin ƙashin, aikinsu shi ne jin nauyin da ake ɗora masa.

Idan yarinya ta yi tsalle ta diro, ƙashin ƙafarta yakan ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya iya gani. Wannan kan motsa ruwan da ke cikin ƙananan kafofin ƙashin, sai ƙwayoyin da ke binne su aika da saƙo cewa a ƙara gini a wurin da ya ji matsin.

Wani likitan tiyata na birnin Balin a ƙasar Jamus, Julius Wolff, shi ne ya shahara da bayyana wannan ƙa'ida a wani littafi da ya wallafa a shekarar 1892, inda ya nuna cewa ƙashi yana sauya siffarsa ne gwargwadon aikin da ake sa shi. Ƙa'idar tana aiki ta ɗaya fuskar ma. 'Yan sama jannati da ke shafe watanni a sararin samaniya, inda jiki ba shi da nauyi, sukan yi asarar kimanin kashi ɗaya cikin 100 ko fiye na ƙashin ƙugunsu a kowane wata.

Sai dai ba kowane irin motsi ne ƙashi yake amsawa ba. A shekarar 1984, wasu masana biyu, Clinton Rubin da Lance Lanyon, sun yi gwaji a kan ƙashin fiffiken zakaru, suka gano cewa matsa ƙashin sau 36 a rana ya wadatar wajen sa shi ƙara kauri, kuma ƙara adadin zuwa sau 1,800 bai ƙara komai ba. Daga baya, a shekarar 1997, masana a ƙasar Japan sun nuna cewa tsalle biyar kacal a rana na ƙarfafa ƙashin ƙafar ɓeraye.

Abin da aka fahimta daga waɗannan gwaje-gwaje shi ne, ƙashi ya fi amsa nauyi mai ƙarfi da ke zuwa da sauri, kuma daga ɓangarorin da bai saba da su ba. Yawan maimaita abu ɗaya na tsawon sa'o'i ba ya ƙara masa wani abin kirki, domin ƙwayoyin sukan daina ji bayan ɗan lokaci, sai an bar su sun huta.

Shekarun da ƙashi ke taruwa

A shekarar 1991, masana a Jami'ar Saskatchewan ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Donald Bailey, suka soma auna ƙashin wasu yara 'yan makaranta a kowace shekara, suna bin su har suka girma.

Sun gano cewa ƙashin 'yan mata ya fi taruwa da sauri ne a wajen shekara 12 da rabi, na samari kuma a wajen shekara 14. A cikin shekaru biyun da ke kewaye da wannan lokaci ne jiki ke tara kimanin kashi 26 cikin 100 na dukkan sinadarin kalsiyam da zai kasance a ƙashin baligi.

Binciken ya kuma nuna cewa 'yan matan da suka fi motsa jiki sun ɗara takwarorinsu marasa motsi da kashi 17 cikin 100 na yawan ma'adinan ƙashi, shekara guda bayan wucewar wannan lokaci. A tsakanin samari bambancin kashi 9 ne.

Akwai wani abu kuma da ya kamata iyaye su sani. Tsawo yakan riga ƙarfi zuwa. Yarinya kan yi harbin tsawo watanni da dama kafin ƙashin ya cika da ma'adinai, saboda haka akan samu wani ɗan lokaci da ƙashin ya yi tsawo amma bai yi ƙwari ba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa karayar hannu ta fi yawa a tsakanin yara masu shekara 11 zuwa 14.

Dalilin da ya sa motsa jiki ya fi amfani kafin balaga da farkonta yana da alaƙa da wurin da sabon ƙashin ke zama. A wannan lokaci, ginin yakan kasance ne ta bayan ƙashin, wato yana ƙara masa faɗi. Duk wanda ya taɓa aiki da bututun ƙarfe ya san cewa mai faɗi ya fi wuyar lanƙwasawa, ko da nauyinsa ɗaya ne da siriri. Bayan sinadarin estirojin na mata ya yawaita a jiki, ginin ta waje yakan ragu, ya fi karkata ta ciki, wajen ɓargo, inda amfaninsa ga ƙarfin ƙashi bai kai na farko ba.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan ta fito ne daga ƙasar Finland a shekarar 1995. Pekka Kannus da abokan aikinsa sun auna hannayen mata 'yan wasan tanis da sikwash, suka kwatanta hannun da suke bugu da shi da ɗaya hannun. Tun da jiki ɗaya ne, ba za a ce gado ko abinci ne ya kawo bambancin ba. Hannun bugu ya fi ƙarfin ƙashi a wurin kowa, amma bambancin ya ninka sau biyu zuwa huɗu a wurin waɗanda suka fara wasan kafin su soma al'ada, idan aka kwatanta da waɗanda suka fara bayan sun manyanta.

Me ya sa aka fi nazarin 'yan jimnastik?

Babu wani wasa da ya haɗa sharuɗɗan da ƙashi ke so kamar wannan. 'Yar wasa kan diro ƙasa da ƙarfin da ya ninka nauyin jikinta sau goma ko fiye. Takan diro ta gaba, ta baya, ta gefe. Bugu da ƙari, tana tsayuwa da dira a kan hannuwanta, abin da ba a samu a guje-guje ko ƙwallon ƙafa. Kuma akasari sukan fara ne tun suna 'yan shekara biyar ko shida.

A shekarar 1995, masana a Amurka sun kwatanta ɗalibai mata 'yan jimnastik da 'yan gudun dogon zango. Matsalar ɗaukewar al'ada, wadda aka san tana raunana ƙashi, ta yi yawa a ɓangarorin biyu, amma duk da haka 'yan jimnastik sun fi ƙarfin ƙashi a ƙugu da gadon baya. Wani nazarin na wannan shekara ya nuna cewa masu ninƙaya, duk da wahalar horon da suke sha, ƙashinsu bai ɗara na waɗanda ba sa wasa ba, saboda ruwa ne ke ɗauke musu nauyin jiki. Haka lamarin yake ga masu tseren keke. Waɗannan wasanni na da amfani ga zuciya da huhu, amma ba su ne masu gina ƙashi ba.

Ana iya cewa watakila tun asali yara masu ƙarfin ƙashi ne ke jure wa wasan, sauran su janye. Binciken da Shona Bass ta jagoranta a ƙasar Ostireliya, wanda aka wallafa a 1998, ya taimaka wajen amsa wannan. An auna ƙananan 'yan wasa da ba su balaga ba, da kuma manyan mata da suka daɗe da barin wasan. A wurin waɗanda suka bari, an samu ƙarin ƙarfi a hannu da ƙafa da ƙugu da baya, amma ban da ƙoƙon kai, wanda shi kaɗai ne ba ya ɗaukar nauyi a wasan. Da gado ne sanadi, da an ga bambancin har a can.

Shin ribar tana ɗorewa? A nan akwai saɓanin sakamako. Masanan Saskatchewan sun ruwaito a shekarar 2012 cewa 'yan jimnastik da suka bi na tsawon shekara 14 suna nan da fifikonsu kimanin shekara goma bayan barin wasan. A ɗaya ɓangaren, nazarin tsofaffin 'yan ƙwallon ƙafa maza a ƙasar Suwidin ya nuna cewa fifikon ma'adinan ƙashi yana raguwa da tsufa idan an daina motsa jiki. Abin da ya fi tsayawa shi ne faɗin da ƙashin ya samu a ƙuruciya, domin wannan ba ya komawa.

Ba sai an zama gwana ba

Gwanayen jimnastik kan yi horo na sa'o'i 20 zuwa 30 ko fiye a mako, kuma babu likitan da ke ba iyaye shawarar su bi wannan hanya domin lafiyar ƙashi. Tambayar da ta fi shafar jama'a ita ce, mene ne mafi ƙarancin abin da zai yi amfani?

A jihar Oregon ta Amurka, an sa yara 'yan shekara 6 zuwa 10 suna dirowa daga kan akwati mai tsayin santimita 61, sau 100 a kowane zama, sau uku a mako, har tsawon wata bakwai. Sakamakon da aka wallafa a 2001 ya nuna cewa ma'adinan wuyan ƙashin cinyarsu, wurin da tsofaffi suka fi karyewa, sun ƙaru da kashi huɗu da rabi cikin 100 fiye da na yaran da aka sa miƙe jiki kawai. Da aka sake auna su bayan kusan shekara takwas, an tarar da sauran fifikon, ko da yake ya ragu ƙwarai.

A lardin British Columbia na Kanada kuwa, an gwada abin da ya fi wannan sauƙi. Duk sa'ad da aka kaɗa ƙararrawar makaranta, sau uku a rana, sai yara su yi tsalle goma a inda suke. Bayan wata takwas an ga ƙarin kimanin kashi biyu cikin 100 a ƙugu. Shirin bai buƙaci fili ko kayan wasa ko ko sisin kwabo ba.

Waɗannan alƙaluma ƙanana ne a ido. To amma wani lissafi da masana suka yi da kwamfuta a shekarar 2003 ya nuna cewa ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan ƙashin da aka tara a ƙuruciya na iya jinkirta zuwan cutar zaizayewar ƙashi da shekara 13.

Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na shekarar 2020, ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na kimanin awa ɗaya a kullum, tare da wasannin da ke ƙarfafa tsoka da ƙashi aƙalla sau uku a mako. Wani rahoton hukumar na 2019 ya ce kashi 85 cikin 100 na 'yan mata masu shekara 11 zuwa 17 a duniya ba sa cika wannan ma'auni, yayin da adadin samari ya kasance kashi 78.

Abin lura a nan shi ne, a al'ummomi da dama yarinya kan bar wasa ne a daidai shekarun da ƙashinta ya fi buƙatarsa. A ƙasar Hausa, wasannin gaɗa da 'yar gala-gala da tsallen igiya duk sun ƙunshi irin dirar da masana ke magana a kai, kuma ana yin su ne a tsakanin mata zalla, a tsakar gida ko a makaranta. Da zarar an ce yarinya ta girma, sai a ga tsalle bai dace da ita ba, alhali a ma'aunin ƙashi lokacin ne ma ya fi dacewa.

Abinci da hasken rana

Motsa jiki umarni ne kawai yake bayarwa a yi gini. Kayan ginin daga abinci suke fitowa. Hukumomin lafiya a Amurka sun ƙayyade miligiram 1,300 na kalsiyam a rana ga masu shekara 9 zuwa 18.

Binciken da Tom Thacher da abokan aikinsa suka yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wanda aka wallafa a 1999, ya nuna nisan da ke tsakanin wannan adadi da abin da yara ke samu a zahiri. Yaran da aka auna suna cin kimanin miligiram 200 ne kacal a rana, kuma masu fama da cutar laushin ƙashi, wadda ke jawo gwame da ƙafar baka, sun fi samun sauƙi da aka ba su kalsiyam a kan waɗanda aka bai wa bitamin D shi kaɗai. Daga baya masanan sun nuna cewa garin busasshen kifi da aka niƙa da ƙashinsa ma yana warkar da cutar.

Masara da dawa da gero ba su da kalsiyam mai yawa, kuma suna ɗauke da wani sinadari da ke rage yadda hanji ke tsotsarsa. Nono da kindirmo da ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, da ganyen kuka da zogale da riɗi, su ne suka fi shi.

Bitamin D kuwa, wanda ke taimaka wa hanji tsotsar kalsiyam, fata ce ke samar da shi idan rana ta taɓa ta. An samu ƙarancinsa sosai a tsakanin 'yan mata a ƙasashen yankin Gulf duk da zafin ranarsu, saboda yawan zama a cikin ɗaki. Baƙar fata tana buƙatar lokaci mai ɗan tsawo a rana fiye da fara kafin ta samar da adadi ɗaya.

Juna biyu da shayarwa ma na da nasu haƙƙin a kan ƙashin uwa. Jariri kan ɗauki kimanin giram 30 na kalsiyam kafin haihuwa, kuma mai shayarwa kan yi asarar wani ɓangare na ma'adinan ƙashinta, wanda yakan dawo bayan yaye. Idan uwar ba ta gama girma ba, jikinta na ɗauke da gini biyu ne a lokaci guda.

Inda ake wuce gona da iri

Wasan da ya nuna amfanin dira, shi ne kuma ya nuna iyakarta.

A shekarar 1984, Barbara Drinkwater ta Amurka ta nuna cewa 'yan wasa matan da al'adarsu ta ɗauke suna da raunin ƙashin baya fiye da takwarorinsu. A 1992 likitocin wasanni a ƙasar suka sa wa matsalar suna, suka ce abubuwa uku ne ke tafiya tare: ƙarancin abinci, ɗaukewar al'ada, da raunin ƙashi. Tushen shi ne na farko. Idan abin da yarinya ke ci bai kai abin da horo ke ƙonawa ba, jiki kan rage samar da estirojin domin tattalin ƙarfi, sai ginin ƙashi ya tsaya. A shekarar 2014 Kwamitin Olimfik na Duniya ya faɗaɗa bayanin, ya ce matsalar na shafar maza ma.

Matsin lambar da ake yi wa 'yan jimnastik kan su kasance sirara ya fito fili ne bayan rasuwar Christy Henrich, 'yar wasan Amurka, a shekarar 1994 tana da shekara 22, bayan ta yi fama da cutar ƙin cin abinci.

Likitoci na ba da shawarar a kai yarinya asibiti idan ta kai shekara 15 ba ta fara al'ada ba, ko kuma ta fara sannan ta ɗauke har wata uku ba tare da juna biyu ba.

Sai kuma raunin da yawan maimaitawa ke jawowa. A ƙarshen dogayen ƙasusuwan yara akwai wani faifan guringuntsi, wanda daga nan ne ƙashi ke ƙara tsawo, kuma ya fi sauran ƙashin laushi. Yawan dira a kan hannu na iya ƙuntata faifan da ke wuyan hannu har ya rufe kafin lokacinsa, sai ɗaya daga cikin ƙasusuwan sangalin hannu biyu ya fi ɗayan tsawo. Yawan lanƙwasawa ta baya kuma na iya tsaga wani siririn sashe na ƙashin baya. Wani bincike na 1976 a kan 'yan jimnastik 100 ya samu wannan tsagewa a jikin 11 daga cikinsu, kimanin ninki huɗu na abin da aka saba gani a tsakanin sauran 'yan mata. Ciwon wuyan hannu ko na baya da ya ƙi tafiya bayan makonni a jikin yarinya mai wasa, ba abin da za a ce ta daure ba ne.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce ko wasan na hana tsawo, ganin yadda gwanayensa suke gajeru. Wani nazari daga birnin Janiba na ƙasar Suwizalan ya nuna damuwa a kan haka a shekarar 1993. To amma wani kwamitin masana da hukumar wasan ta duniya ta kafa, ƙarƙashin Robert Malina, ya ruwaito a 2013 cewa babu hujjar da ke nuna horon na rage tsawon da mutum zai kai idan ya girma. A cewarsu, akasarin 'yan wasan gajeru ne tun kafin su fara, iyayensu ma haka, kuma wasan ne ke tace masu irin wannan jiki saboda sun fi saurin juyawa a iska.

Duk da haka, damuwa a kan lafiyar ƙananan yara ta sa an sauya dokoki. Nadia Comaneci ta ƙasar Romaniya tana da shekara 14 ne lokacin da ta samu cikakken maki 10 a gasar Olimfik ta birnin Montreal a 1976. A shekarar 1981 aka ɗaga mafi ƙarancin shekarun shiga gasar manya ta mata zuwa 15, sannan zuwa 16 a 1997. A shekarar 2010 aka ƙwace lambar tagulla da tawagar matan ƙasar Sin ta ci a gasar Sidni ta 2000, bayan da aka tabbatar cewa ɗaya daga cikin 'yan wasanta, Dong Fangxiao, shekararta 14 ne a lokacin gasar.